Sunan da Baba Ba Ya Kira

Daga Allah muka fito, kuma wata ranar Talata da hantsi Baba ya riga mu komawa. A asibiti ya cika, a nan Lyon, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Ni ce autarsa, kuma ni aka bar wa sanar da mutane, har waya ta yi zafi a hannuna.

Mutanenmu ne suka fara zuwa. 'Yan Damagaram da 'yan Maraɗi mazauna Lyon, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, sai mota biyu cike da abokansa daga Paris. Aka ture kujeru jikin bango, aka shimfiɗa darduma a falo. Kawu, ƙanin Inna, ya zauna yana karɓar gaisuwa. Wannan ya ce Malam ne ya tarbe shi a tashar jirgi ranar da ya fara taka Faransa, wancan ya ce Malam ne ya ba shi rigar sanyinsa ta farko. Duk wannan mun san za a yi.

Washegari, bayan an kai shi makwancinsa, sai wasu baƙi suka fara hawo matattakala. Turawa ne ƙarti, kowane sai ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Wani ba shi da haƙoran gaba, wani hancinsa ya karkace gefe guda. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa ba tare da an gaya musu ba. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta taso daga Damagaram tun da ta ji jikin ya tsananta, ta leƙo daga ɗaki ta kama hannuna.

"Ke, waɗannan 'yan dambe ne? Mi ɗan'uwana ya yi musu?"

Na ce mata yaransa ne na wurin aiki. Kafin in rufe baki, mafi girma a cikinsu ya durƙusa gaban Inna, ya kifa goshi a kan hannunta, yana kuka kamar an yaye shi yau. Gwaggo ta saki hannuna ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Mutum ɗaya ne a gidan bai zauna ba, shi ne Yaya, ɗan farin Baba. Ya zo daga Paris a jirgin ƙasan farko, kuma babu abin da bai yi ba. Shi ya yi zirga-zirgar takardu, da shi aka yi wanka, kafaɗarsa na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Amma yi yake kamar wanda aka ɗauka aiki. In an ce masa ya haƙuri, sai ya ce merci, godiyar Faransanci kawai. In an ɗaga hannu ana addu'a, ina kallon bakinsa, ba ya motsi. Shekara goma sha ɗaya rabon da shi da Baba su zauna ɗaki ɗaya fiye da minti goma. Tsorona kenan a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba: kada a watse Yaya ya koma Paris da abin nan a ransa, alhali wanda zai yafe wa ya riga ya shiga ƙasa.

Sai na yi bayanin aikin Baba, don na san yadda maganar take sauka a kunnen mutanenmu. Shi ne mai zaɓar 'yan wasa a wata ƙungiyar ƙwararru ta hokin ƙanƙara. Wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, ana korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna masu lanƙwasa har a jefa shi a raga. Kowace shekara Baba ne yake zama da koci da shugaban ƙungiya su fitar da sunayen waɗanda za a ɗauka da waɗanda za a sallama. A Damagaram kuwa har ya rasu cewa ake ƙanƙara yake sayarwa a Faransa. Ya gaji da gyara musu, in an tambaye shi kasuwa sai ya ce da godiya.

Karatun ban-ruwa ya kawo shi ƙasar nan. Yana ɗalibi ya samu aikin tuƙa motar da ke kankare filin ta malala sabon ruwa a lokacin hutun wasa. Yakan ce ai bai bar fanninsa ba, ban-ruwan dai yake yi, shuka ce kawai ba ta fitowa. Shekara da shekaru yana kallon zanen da takalma suke bari a ƙanƙara kafin ya share shi. Wata rana ya tsayar da koci ya ce masa wane ɗan bayan nan gwiwarsa ta hagu ba lafiya, don tun sati biyu gefe ɗaya kawai yake juyawa. Koci ya dube shi sama da ƙasa, direban mota baƙar fata yana koya masa aiki. Aka kai yaron asibiti, aka tarar haka ne. Daga nan koci ya riƙa ratsowa ta garejin motar yana tambaya, har tambaya ta zama kujera a ofis.

Amma shi kansa bai taɓa iya tsayuwa a kan ƙanƙarar ba. Sau ɗaya ya gwada, 'yan wasa suka ɗaura masa takalman, ya yi taku biyu ya zauna da ƙarfi, hularsa ta yi gabas shi ya yi yamma. Ya rarrafo ya fito ya ce, "Bon. Allah ya raba aiki. Ku ku zame, ni in duba."

Dubawar tasa kuwa ba irin ta kowa ba ce. In ya je ganin sabon ɗan wasa, ba lokacin da faifai ke sandarsa yake kallonsa ba. Jira yake a ci ƙungiyarsu, ya ga yadda zai koma benci, ko zai jefar da sanda, ko zai harari mai tsaron raga. Bayan wasa sai ya je wurin dattijon da ke wasa kaifin takalma ya tambaye shi, yaron nan yana gaishe ka? In bai gaishe shi ba, ko ya fi kowa zura faifai, Baba ya ja layi a kan sunansa. Sun sha yin faɗa da shugaban ƙungiya a kan haka. Yakan dawo gida yana huci, ya ce wa Inna, "Shugaba suna yake so, koci ƙato yake so, ni kuwa wanda zai kai Fabrairu da ƙahwahunshi nake so. Kowa na son mai ci. Wa zai kwanta gaban hwaihwan nan ya tare da haƙarƙari?" Inna ta ce ita dai ya wanke hannu abinci na hucewa.

Akwai wani tsari na can Amurka da Kanada da yake matuƙar burge shi. A can ana zaɓen matasan 'yan wasa bi da bi, kuma ƙungiyoyin da suka zo a baya su suke fara zaɓa, don su ma su farfaɗo. A Faransa ba a yin haka, sai Baba ya kawo shi gidanmu. Duk ƙarshen zango in mun kawo takardun sakamako, Inna ta dafa kaza, shi kuma ya jera takardun a tebur. Wanda ya fi kowa faɗuwa shi zai fara ɗaukar nama. Mu uku ne, da Yaya da ta tsakiyarmu da ni, kuma ina alfahari da cewa shekara shida a jere ni ce na ci cinya. Ta tsakiyar ta ce wannan zalunci ne, ana ba daƙiƙi lada. Baba ya ce mata ai ita kanta ya riga ya cika, a bar wa mai bukata.

Ni ba na cikin masu mayar da mamaci waliyyi. Baba yana da taurin kai, ba ya zuwa ko'ina a kan lokaci, kuma shayinsa sukari ne da ɗan ruwa. Amma abu ɗaya na san babu mai ja da ni a kansa: bai taɓa sallamar ɗan wasa ta waya ba. Yakan cika fulas da shayi ya je har gidan mutum. Ya zauna ya tambayi lafiyarsa, da ta matarsa, da yara, da sanyi, da gajiya, da tsohuwa can gida. Baturen da bai saba ba sai ya rasa inda za a dosa. Har abin ya zama zolaya a ɗakin sauya kaya, cewa in ka ga Malam da fulas yana tambayar kakarka, ka fara haɗa jaka. Sai dai ba ya tashi sai ya ajiye wa mutum lambar wata ƙungiyar da ya riga ya yi magana da ita.

Ƙaton nan da ya yi kuka a hannun Inna ɗan Sulobakiya ne. Ya karye a cinya a watansa na biyu, ba Faransanci, ba dangi. Shugaba ya ce a cire shi a kawo wani. Baba ya ce a kawo wani, amma wannan ba ya tafiya da sanda a hammata. Ya kawo shi gidanmu, aka ba shi ɗakin ta tsakiyarmu, ita aka haɗa mu gado ɗaya, abin da har yau ban yafe ba. Wata huɗu Inna tana ɗura masa tuwo da miyar kuka. Ya warke ya buga wa ƙungiyar shekara bakwai, kuma kalmar Hausa ta farko da ya iya ita ce "ƙari".

Haka Baba yake da 'ya'yan mutane. Ya rungume su, ya ja musu kunne, ya kira kowa da sunansa har da na uwarsa. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya kiran sunansa.

Kunyar ɗan fari ce, irin wadda aka rene shi da ita. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna shi a gaban mutane. Inna ta ce ita ta baro tata kunyar a filin jirgi, amma Baba ya taho da tasa har da guzuri. In zai yi maganar Yaya sai ya ce "wannan", ko "yaron nan", ko ya ce wa Inna "ɗanki". Ni kuwa ya ɗora ni a wuya yana mini kirari a tsakiyar kanti. An yi wa Yaya bayani tun yana ƙarami cewa al'ada ce, girmamawa ce. Ya ji, amma a Lyon aka haife shi, inda uban kowa yake tsaye a bakin fili yana ihun sunan ɗansa.

Kuma sai Allah ya yi Yaya ya zama mai tsaron raga. Tun yana shekara biyar yake bin Baba filin, ya taso ta ƙungiyar yara har ta matasa. Na sha ganin ya tare faifan da kowa ya ɗauka ya shiga, jama'a su miƙe suna tafi, Baba kuma ya sunkuyar da kai yana duba igiyar takalminsa. A filin ma "lamba talatin" yake ce masa.

Shekarar da Yaya ya cika ashirin da biyu, gurbin mai tsaron raga na biyu a babbar ƙungiya ya buɗe. Su biyu ne a kan gurbin, shi da wani da za a kawo daga waje. Kowa a filin ya ɗauka an gama, har mai wasa takalma ya fara taya shi murna. Aka shiga ɗakin zaɓe aka fito, aka liƙa takarda a ƙofar ɗakin sauya kaya, babu sunansa.

Ina falo ranar, da yamma, Baba yana shan shayi. Yaya ya shigo da takardar a hannu, ya yago ta daga ƙofar.

"Papa, kana cikin ɗakin da aka yi zaɓen?"

"Ina ciki."

"Me ka ce da aka zo kaina?"

"Ban ce komi ba."

"Rien? Ko kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Yaya ya ajiye takardar a kan tebur. Ya ce, "Kowa ka je gidanshi da shayi. Wanda ya yi wata uku ma ka je. Ni a jikin ƙofa na karanta." Baba bai ɗago ba. Yaya ya ce, "To ka kira sunana. Sau ɗaya kawai, Papa. Dis mon nom."

Baba ya juya wajen Inna ya ce, "Ki ce ma ɗanki ya zamna ya ci abinci."

Na so Baba fiye da kowa, amma ranar na ji haushinsa har cikin ƙashina, kuma har yanzu ina ganin bai kyauta ba. Kafin sati ya zagayo Yaya ya rabar da kayan wasansa ya tafi Paris. Ya samu aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a Aubervilliers da ke gefen birnin, daga baya ya zama mai kula da wurin, ya yi aure, ya zauna a Sevran. Bai sake taka ƙanƙara ba. Abin da ya riƙe a ransa shi ne, mutumin da duk ƙasar ta yarda da idonsa ya dube shi shekara goma sha bakwai bai ga abin faɗa ba.

Ni na zama gada a tsakaninsu, gada mai yawan mita. Duk Juma'a Baba ya tambaye ni, "Mutanen Paris lahiya?" Yaya kuma in mun yi waya, sai zai ajiye ya ce, "Ça va, Lyon? Lafiya dai?" Na sha ce musu ni ba gidan waya ba ce, kowa yana da lambar kowa. Da sallah Yaya yakan zo, ya gaida Baba a tsaye, ya shige kicin wurin Inna. Da Baba ya kwanta asibiti ya zo sau ɗaya. Baba ya buɗe ido ya ce, "An zo?" Yaya ya ce, "An zo." Daga nan ma'aikaciya ta zo ta ce lokaci ya yi. Wannan ce maganarsu ta ƙarshe.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mutane sun ragu, sai tsohon kocin nan ya iso. Ya daɗe da barin aiki, yana zaune a wani ƙauye cikin duwatsu, labarin bai same shi da wuri ba. Da sanda yake tafiya, aka ba shi kujera don gwiwarsa ba ta kai shi ƙasa. A falon akwai Kawu da Inna da Gwaggo, Yaya kuma yana jingine a bakin ƙofar kicin. Gwaggo ba ta jin Faransanci kuma ba ta yarda a yi magana a gabanta ba ta sani ba, sai ta zaunar da ni kusa da ita ta ce duk abin da tsohon ya faɗa in juya mata.

Ya yi ta'aziyya, ya ba da labarin garejin mota da gwiwar hagu. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Yaya, ya ce akwai maganar da ya yi alkawarin ba zai faɗa ba muddin abokinsa na raye.

Ya ce ranar zaɓen nan shi Yaya yake so, shugaba kuma yana son na waje. Sai suka juya ga Baba, don a irin wannan maganarsa ce take raba gardama. Shi kocin ya tambaye shi, me ka gani a lamba talatin? Baba ya sunkuyar da kai ya ce, wannan ku tambayi wani. Ya sake tambaya, Baba ya ƙara sunkuyawa. Ya tambaya na uku, sai Baba ya rufe fuska da hannu.

"Shekara ashirin ina aiki da shi," in ji kocin, "ban taɓa kawo sunan yaro ya rasa abin kirki ɗaya da zai faɗa ba. Ranar na ga kunya a fuskarsa. Na ce a raina, ya ga wani aibu da ni ban gani ba, kuma ba zai iya faɗa a kan ɗansa ba. Sai na bi shugaba."

Na juya wa Gwaggo. Ta dube ni kamar na yi hauka.

"To mi zai ce? Ɗan hwari ne hwa! Ya buɗe baki gaban mutane ya yabi ɗanshi na hwari? Ni ma ɗiyar hwari ce, har uwata ta mutu ban ji sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Ke gaya ma tsohon nan, in da yaron ba shi da kirki ai da ya hwaɗi. Shirun nan shi ne yabon."

Na juya wa kocin. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, amma bayan kwana huɗu ya sani. Ya ce da Baba ya ga takardar a ƙofa ya ɗauka za a gyara, don a tunaninsa ya tsame hannunsa ne kawai ya bar su su zaɓi abin da kowa ke gani. Da ya ga ba a gyara ba, sai ya same shi a ofis ya rufe ƙofa. A lokacin an riga an sa hannu da na waje, an aika sunaye, babu abin da za a iya.

"Ya tsaya a gabana yana gumi," in ji shi. "Ya kira sunanka, cikakke. Ya ce, tun ina share filin nan ban ga mai tsaron raga da ya kai shi natsuwa ba. Ya ce, in an ci shi ba ya hararar kowa, kuma kullum yana gaida mai wasa takalma. Ya ce, da ɗan wani ne da na yi faɗa da ku har a kore ni. Ya ce, ni na kashe masa wasa da bakina."

Kocin ya ce ya roƙe shi ya bari ya kira Yaya ya gaya masa. Baba ya ce a'a, in yaron ya ji ya faɗi haka, da wane ido zai sake kallonsa? Ya sa shi ya yi alkawari.

Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Mi ya ce?"

Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba. Na buɗe baki na fara juya maganar Baba zuwa harshen da bai taɓa iya faɗarta da shi ba. Inda ya kira sunan, ni ma na kira. Ina faɗa ina kuka, ban iya kallon ƙofar kicin ba.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ya kira sunan? Da bakinshi? Ashe Hwaransa ta lalata min ƙane."

Kawu ya yi dariya ya haɗiye ta da sauri. Yaya bai yi ba. Ya tako tsakiyar falo ya tambayi kocin, wanda aka ɗauka a madadinsa fa, ya ya ƙare? Kocin ya ce a watan Janairu aka sallame shi, kuma Baba ne ya kai masa shayi.

Yaya ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya. Onze ans, saboda magana ɗaya." Ya dubi Inna, ya dubi Gwaggo, na ga ɓacin rai a idonsa, na ce shi kenan, yanzu zai ɗauki jakarsa. Sai ya juyo gare ni.

"Sake faɗa. Da Hausa, yadda kika faɗa mata."

Na sake faɗa tun daga sunan har ƙarshe. Yana tsaye ya rufe ido yana saurare. Da na gama ya ce in ƙara, na ƙara.

Kocin ya jawo sandarsa zai tashi, sai Kawu ya ɗaga hannu zai yi addu'ar sallamar baƙo kamar yadda ake yi wa kowa. Yaya ya ce, "Kawu, dakata." Ya zauna a kan darduma ya tanƙwashe ƙafa, ya buɗe tafin hannunsa. Hausarsa ta 'yan Lyon ce, ba ta da ado, kuma bai taɓa jan addu'a a gaban mutane ba.

"Allah, ka jiƙan Baba," ya ce. "Taurin kai gare shi, ka sani. Ni ma haka. Amma na yafe mishi, shi ma ka sa ya yafe min. Ka jiƙan shi."

Muka ce amin. Gwaggo ta fi kowa ɗaga murya, tana share ido da gefen mayafi. Tsohon kocin bai ji ko kalma ɗaya ba, amma da ya ga mun shafa fuska shi ma ya shafa tasa.